Ƙaurin da Na Hana Hajara

Illela, daren Talata, watan Safar.

Yau ma nonon matata Hajara bai kawo ba, jaririn ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Tun da ta haihu wake da zogale nake sa a ba ta, kamar yadda na buga a 'yan takarduna na barin cin nama. Ƙaurin da miji ke saya wa mai jego, na hana.

Da la'asar surukata, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, ta tsaya a bakin zauren da nake jera haruffan buga takardu. Ta ce, "Malam, mi ɗiyata ta yi maka? Gwada iliminka ga jikinka, ba ga nata ba."

Na je wurin mahaucin da takarduna suka rage wa ciniki. Bai yi mini gori ba. Ya ɗaure mini ƙafafun saniya, ya ce Allah ya ba Hajara lafiya.

An dafa. Ta kurɓi romon, ta amayar. Ko na makara ne? Ban sani ba. A Kalmalo ma akwai masu jego da mazajensu suka karanta takardata, suka yarda da ni.