Hancin Aku a Gurbin Mai Ƙaton Wuya

Zuwa ga tsohuwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ƙafar nan taki mai raki. Ko kin yi sabon miji da na ba da baya?

Aikin ba wuya. Tsohon da nake kula da shi likitan haƙori ne a da, yanzu idonsa ya tafi. Gida ɗaki shida, daga ni sai shi sai agogon bango. Yana da akwatin sulallan zinariya na sarakunan Rum na dauri, guda goma sha tara, kowanne da gurbinsa. Rubutun jikinsu ba irin namu na allo ba ne, sai na dubi fuskar sarkin da ke jikin kowanne na raɗa musu suna da kaina: Mai Ƙaton Wuya, Hancin Aku, Gemun Wahala.

Kin san halina. Kullum da safe kafin in kai masa akwatin sai na sauya wa biyu gurbi. Ya wanke hannu, ya bi su da yatsa, ya kama ni, ya ce mini ɗan banza, ya yi ta dariya har da tari. Daga nan sai labarin sarkin: wa ya kashe, wa ya kashe shi. Hirarmu ta wuni ke nan.

Ki gaida mutan gida.

Mijinki na asali,
Ƙiriniya

Kaka,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya ƙafa? Yau ban zo da tsokana ba.

Ran Talata na sa Hancin Aku a gurbin Mai Ƙaton Wuya. Ya shafa, ya wuce. Na bar su haka kwana huɗu ina jiran zagi, shiru. Ɗansa, da ke leƙowa sau ɗaya a wata, ya taɓa cewa ranar da Baba ya fara rikicewa asibiti zai kai shi ya zauna, a sayar da akwatin. Jiya ya bugo waya yana tambaya. Na ce Baba garau yake. Ki roƙa mini gafara.

Da safen nan na mayar da kowa gurbinsa, na kai masa. Ya daɗe yana lalube, can sai ya ɗaga ɗaya, ya ce yau ma ya kama ɗan banza. Na ce wallahi ya kama ni. Ya yi dariyarsa har da tari, ni kuma na tashi na je na sake wanke kofunan da na riga na wanke.

Ki sa a rubuto mini, ko zagi ne ina so.

Jikanki,
Ƙiriniya