Rumbun Kawu Arzika

Dogon Dutsi, daren Laraba, bayan girbi

Barci ya ƙi. Kawu Arzika bai taɓa barin kowa ya leƙa rumbunsa ba, amma ya bar ni, don na rantse masa awon hatsin da nake yi na babban karatuna ne na ilimin ƙididdiga, jami'ar Dakar za shi, ba gidan Kumandan mai mulkin yankinmu ba. Saboda shi duk mutanen garin Kore Mairuwa sunka buɗe mini rumbunansu.

Ashe Issa, abokin karatuna da munka yi awon tare, ya kai wa Kumandan komi don ya samu kujera. Yau jandarmomin gwamnati sun kwashe hatsin garin.

Na tare Issa, ko kunya babu ya ce, "Sabuwar ƙasa tana son alƙaluma, Sani."

Kawu bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Lalle ka iya ƙirga, ɗana." Sai ya naɗe tabarmar da ya shimfiɗa mini.