Mijina Ya Sayar Da Tsakina

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in juye wa kwamfutar mijina ruwan wanke-wanke.

Mijina yana harkar kiɗan zamanin nan da ake ce wa tarap. Ba ma waƙa yake yi ba, sautuka yake haɗawa a kwamfuta, ya tara su rukuni guda, masu kiɗa su saya. Firiset yake ce musu. Nasa kuwa duk masu tayar da tsigar jiki ne, irin na fim idan mugu zai shigo. Shekara uku yana kulle a ƙaramin ɗakin da ya lilliƙe da soso don tare ƙara, babu mai saye. Na yi haƙuri, har shayi nake kai masa.

Kwatsam bana aka fara rububin wani sauti nasa. Wallahi na yi murna. Sai ranar da ƙanwarsa ta zo ya kunna mata, ta kasa kunne, ta dube ni, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ashe tsakina ne, Anti. Tsakin da na ja ranar da ya bar min jiƙaƙƙen tawul a kan gado. Ya naɗa a waya, ya ja shi ya yi tsawo, ya ƙara masa kauri, ya koma kamar wani abu yana numfashi a cikin rijiya. Shekaranjiya na wuce shagon aski na ji kaina a sifika.

Wannan ma da sauƙi. Yanzu rukuni na biyu yake haɗawa. Da gangan yake sa takalmi ya taka inda na goge don in ja tsaki, wayar tana leƙe daga aljihun gaban rigarsa. Da na yi magana ya ce ai babu mai gane ni, wai ma in yi alfahari. Yau kwana tara ban ja tsaki ba, ko ajiyar zuciya sai na shiga banɗaki na kunna famfo. Ina son sa, amma na gaji da tauna numfashina a gidana. In goge kayan nasa ne, ko in tafi gidanmu?

Wadda Ta Yi Gum

'Yar'uwa, ajiye ruwan nan tukuna. Ba zan ɓoye miki ba, na yi dariya, amma da na kai kan famfo dariyar ta tsaya.

Kada ki goge komai. Wahalar shekara uku ce, kuma ranar da kika goge, laifinsa zai ɓace a koma maganar naki. Ban ga alamar wulaƙanci yake nufi ba, mutum ne da kunnensa ya fi hankalinsa aiki. Amma naɗar mutum a ɓoye a cikin gidansa cin amana ne, tsokanarki da gangan kuwa ta fi muni.

Ki zaunar da shi, ki sa ya kashe wayar ya ajiye ta a gabanki, sannan ki faɗa masa inda kike zuwa ki yi numfashi. Ina zaton bai sani ba. Sabon abin da ya naɗa ya goge da hannunsa, daga yau kuma babu naɗi sai da izininki. In kin ga dama wata rana ki shiga ɗakin nasa ki ja masa tsaki goma, da saninki. In ya ƙi, ki kai maganar wurin babba a danginsa kafin ki ɗauki jaka.

Allah ya daidaita ku, ya mayar miki da bakinki a gidanki.