Makwancin Yaya Maazou

Montreuil, Paris

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina fatan ƙafarki ta yi sauƙi, mutanen gidanmu na Damagaram kuma suna lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu?

Inna, tun ranar da muka rufe Yaya Maazou ba ki ƙara ɗaukar wayata ba. Kin so a kawo miki shi gida, na sani. Amma matarsa Sa'ida ta roƙe ni da hawaye kada in raba yara da kabarin ubansu, tunda a Lyon aka haife su, a can za su girma. Na rasa wadda zan saɓa wa a cikinku. Ni na yanke shawarar, ba ita ba.

Ƙanwata Zakiyya ta ce abin da ke hana ki barci shi ne an bar ɗanki cikin baƙi. Ranar jana'iza, bayan jama'ar masallaci, maƙwabtansa na unguwar Vaulx-en-Velin sun biyo mu har bakin ƙofar maƙabarta. Faransawa na kiran wurin cimetière. Abokin aikinsa ɗan Italiya ya ce su cimitero suke cewa, mutanen Fotugal kuma cemitério. Wata tsohuwa 'yar Girka, Madam Eleni, wadda Yaya kan hau mata da kayan cefane bene, ta riƙe hannun Sa'ida ta ce duk daga harshensu aka aro kalmar. Asalinta ɗakin kwana take nufi. Mutanen da suka sa sunan sun yarda cewa wanda aka kwantar zai tashi.

Inna, makwanci ke nan, yadda muke faɗa. Duk kwanakin nan ban yi kuka ba sai a wurin.

Ki yafe mini.

Ɗanki,
Soumaïla

Vaulx-en-Velin, Lyon

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, Zakiyya ta isar mini da tambayarki kan inda aka kwantar da Yaya. Ban so in amsa da ka ba, sai na shigo jirgin ƙasa na zo na sake dubawa da idona.

Yana ɓangaren Musulmi, a kan damansa, fuskarsa ga alƙibla. Dattijo ɗan Aljeriya ne a kusa da shi. Akwai itaciya, inuwarta na kai masa da la'asar.

Sa'ida ta ce kin kira ta jiya, kin tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Tawa wayar ma tana kunne, Inna. Ba na gaggawa.

Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya bar mana ke.

Ɗanki mai biyayya,
Soumaïla