Tsakuwar da ta Wanke Gwaggo Hajo

Unguwar Lalle, Sabon Birni.

Zuwa ga Yaya Kalilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali can Fatakwal. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya tsare mana ku. Mu nan alhamdu lillahi, an yanke gero, kuma kwana biyu ba mu ji ƙarar bindiga ta wajen Gatawa ba. Inna lafiya lau, sai ciwon ƙafar nan, da faɗan nata da ka sani, wanda har yau ba a samo maganinsa ba.

Saƙonka ya iso cewa za ka sa ƙanenmu Abbas ya sake saya wa Inna akuya a kasuwar Isa. Kafin nan akwai maganar da za ni faɗa maka, don Allah kada ka sa ta a ranka. Ka tuna bara, bayan jar akuyar da ka aiko, awakin Inna suka kama majina da zawo, huɗu suka mutu cikin kwana goma. Su ne fa abin da ya rage mata tun da 'yan bindiga suka kore shanun Baba. To, ranar da akuyarka ta zo, Gwaggo Hajo maƙwabciyarmu ta leƙo ta yaba ta, ba ta ce tubarkalla ba. Shi ke nan Inna ta ce bakinta ne. Shekara guda ba ta amsa mata sallama, mata kuma suka riƙa janye dabbobinsu in ta gifta. Matar da ta yi wa Inna zaman jegonmu duka! Wallahi abin ya daɗe yana ci mini rai.

Da damina aka kafa mana ƙungiyar masu kiwo, muna haɗuwa duk Laraba da hantsi a gindin tsamiya. Malama Firdausi da ke jagorantarmu ba ta koyarwa, tambaya kawai take yi, har Inna ta ce ita ba ta taɓa ganin malamar da ba ta san komai ba sai wannan. Wata rana ta sa muka zana watanni a ƙasa, ta ce kowa ta ajiye tsakuwa a watan da dabbarta ta mutu. Ka san mutanenmu, ba a faɗin asarar dabba cikin taro, sai kowa ta noƙe. Gwaggo Hajo ce ta fara tasowa, ta ajiye guda biyu. Ashe nata awakin ma sun mutu a satin da na Inna suka mutu, don a kwano ɗaya suke shan ruwa da namu, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Daga nan tsakuwa ta yi ta taruwa a wuri ɗaya, gab da babbar Salla. Malama ta tambaya me ya shigo gidajen a lokacin. Ɗaya bayan ɗaya, kusan kowa ta ce sabuwar dabba ce daga kasuwa, kuma yawancin gidajen nan Gwaggo ko zaurensu ba ta taɓa takawa ba. Inna da bakinta ta ce a ranar ta haɗa akuyarka da sauran, don ba ta iya ɗaure kyautar ɗanta a bayan ɗaki kamar abin da ba a so. Ba laifinka ba ne, Yaya, ba wanda ya sani. Yanzu mun yi shawara duk baƙuwar dabba sai ta yi sati uku ita kaɗai da kwanonta, kuma waɗanda suka gwada har yanzu ba su yi asara ba.

Da Inna ta dawo gida, ko tuwo ba ta taɓa ba. Washegari ta ɗauki mayafi ta shiga gidan Gwaggo. Ban san abin da suka faɗa ba, amma tare suka fito, idon kowa ja.

Saboda haka ga saƙon Inna. Ta ce a sayi akuyar, amma Abbas ya wuce da ita gidan Gwaggo Hajo, tata ce. Na ce mata ai ita ma tana bukata. Ta ce in rubuta maka yadda ta faɗa: ita awaki ta rasa, Hajo kuwa awaki da mutunci, kuma da hannunta ta ƙwace mata na biyun.

Ka gai da Anti Halimat da Marwan da Lailatu. Ƙannenmu Fatu da su Wada suna gaishe ku, Gwaggo Hajo ma tana nan zaune kusa da Inna, ta ce a sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Sadiƙa.