Turancin Da Ka Bar Ni Da Shi

Assalamu alaikum Malam,

Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, amma kai ka jawo, dole ka ji.

Bayan rasuwarka na shiga ajin yaƙi da jahilci a Nassarawa. Ranar Talata malamarmu ta rubuta "go easy on her" a allo, ta ce ma'anarsa a sassauta mata, a rage mata zafi. Sai da fensir ya faɗi daga hannuna. Malam, ba wannan ne abin da kake cewa kullum in na kama ɗiyarka da faɗa ba? Ka faɗe shi ƙasa-ƙasa, ka koma kan rediyonka kamar ba ka yi magana ba.

Shekara da shekaru kana faɗa mini, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya, don kada a ce matar malamin Turanci ba ta jin komai. Hausa ta ƙare maka ne? Na san ba ka son ka kwaɓe ni a gaban yara, to ɗaki fa? Wannan kawaici naka ya cuce ni, kuma ina jin haushinka har yanzu, Allah ya yafe mini.

Ga labarin gida. Wata biyu ke nan na bar wa ɗiyarka shanyar shinkafa, ta tsaya karatu, awakin maƙwabta suka yi ɓarna. Na mare ta a gaban matan layi. Washegari ta tafi Argungu gun Goggo, ƙanwarka. Ba ta ɗaukar wayata. Goggo ta ce yarinyar ta nemi a mayar da makarantarta can gaba ɗaya.

Malama ta koya mana yadda ake faɗin kalmar, ba ta koya mana yadda ake yin ta ba. Ta ina zan fara? 'Yar fari ce. Kunya ba ta taɓa barina na zauna hira da ita ba, ko sunanta ban taɓa kira ba. Faɗa kaɗai ne maganar da ke tsakaninmu, kai ne mai lallashi, kuma ka tafi.

Gobe zan shiga motar Argungu. In ta ƙi fitowa, zan tsaya a tsakar gida in kira ta da sunanta, kowa ya ji. Rabi'atu. Ka ga na rubuta, saura bakina.

Allah ya haskaka kabarinka.

Matarka da ba ta tambaya,
Hajara