Ɗan karen Lawali da ƙwaryata

Gangara, daren Talata

Raina a ɓace yake, har rubutun ma ya karkace. Ashe duk ladabin nan na ɗana Lawali don kare ne! Tun farkon kaka yake ɗebo ruwa kafin ya tafi lakol karatu, yana ba awaki harawa ba a sa shi ba, ni kuwa ina ta sa masa albarka. Yau na leƙa bayan rumbu, sai ga ɗan kare ya tsoma baki cikin ƙwaryata ta furar babansu. Sau bakwai na wanke ta, zuciyata ba ta yarda da ita ba.

Lawali ya ce, "Inna, ai kin ga na iya riƙo. Awakinki zai yi wa gadi."

Na ce, "In ya haukace ya cije ka, a amalanke zan kai ka asibitin Gazawa?"

Babansu dariya ya yi, wai mu ƙarata ni da ɗana. Kullum ni ce muguwa.

Na ce wa Lawali gobe ya mayar da karen inda ya samo shi. Yanzu na duba, tabarmarsa ba kowa, yana garke ya rungume abinsa. Ƙwaryar dai ta riga ta lalace. Na ajiye musu ita a bakin garke, amma ban ce na yarda ba.